Yadda Kiɗa Ya Koya wa Zane Rawa: Tarihin Gajerun Katun Masu Waƙa

Ranar 1 ga Janairun 2024, wani ɗan gajeren fim mai suna Steamboat Willie ya fita daga hannun kamfanin Disney, ya zama na kowa da kowa a Amurka. Shekara 95 da dokar haƙƙin mallaka ta ba shi sun cika. Fim ɗin bai kai minti takwas ba, baƙi da fari ne, kusan babu magana a cikinsa. Labarin ma bai taka kara ya karya ba: ɓera ne a jirgin ruwa yana fito da baki yana wahalar da dabbobi. Duk da haka sai da kafofin labarai na duniya suka yi ta maganarsa, mutane kuma suka koma suna kallonsa a intanet.

To, mai karatu, me ke cikin waɗannan tsofaffin katun ɗin da har yanzu suke riƙe ido? Za ka iya cewa tuna baya ne kawai, amma ai waɗanda suka gan su a silima lokacin da suka fito kusan duk sun ƙaura. Amsar da zan ba ka tana cikin yadda aka ƙera su. An auna kiɗansu da zanensu da ma'auni guda, hoto bayan hoto, har motsi da sauti suka zama abu ɗaya. Matsalar injiniya ce aka nemi warwarewa, sai maganin ya faɗa daidai kan yadda ƙwaƙwalwar mutum ke haɗa gani da ji.

Kafin hoto ya yi magana

Finafinan farko ba su da sauti, amma gidan silima bai taɓa yin shiru ba. Akwai mai kaɗa piyano a gaban allo, a manyan gidaje kuwa har da tawagar makaɗa. Makaɗin yana kallon fim yana bin sa da kiɗa gwargwadon basirarsa. In ɗan wasa ya faɗi, sai ya buga. Wani lokaci ya dace, wani lokaci ya makara. Fim ɗaya, kiɗa daban a kowane gari.

Saurin fim ɗin kansa ma ba tsayayye ba ne. Da hannu ake juya kyamara, mai majigi kuma yana iya ƙara gudu ko ya rage. Ka ga kuwa babu yadda za a ɗaure kiɗa a jikin abin da saurinsa ke sauyawa.

Waɗanda suka fara gwadawa a harkar katun su ne Max Fleischer da ƙaninsa Dave, a birnin New York. Daga 1924 suka fara fitar da jerin Song Car-Tunes, wasu da sauti ta hanyar na'urar Phonofilm ta Lee de Forest. A nan ne aka fara ganin ɗan ƙwallon nan da ke tsalle a kan kalmomin waƙa domin 'yan kallo su bi su rera tare. Farin ƙwallo ne a bakin sanda, mutum ke motsa shi da hannu ana ɗauka. Dabara ce mai kyau, sai dai ta riga lokacinta, domin gidajen silima kaɗan ne ke da na'urar sauti.

Abin ya sauya a watan Oktoban 1927, lokacin da kamfanin Warner ya fitar da The Jazz Singer, aka ji ɗan wasa yana waƙa yana magana. Sautin wannan fim a kan faifan garmaho yake, ana juya shi tare da majigi. Fim ɗin ya kawo kuɗi, masu gidajen silima suka shiga rige-rigen sa lasifika. Ba a daɗe ba aka bar faifai aka koma ɗora sauti a jikin zaren fim ɗin kansa.

Yadda hakan ke aiki ya cancanci a tsaya a kansa. Makirfo yana mayar da sauti wutar lantarki mai hawa da sauka. Wannan wutar ce ke sarrafa wani ɗan haske da ke faɗawa a kan siririn layi a gefen zaren fim, sai sautin ya zama zane na haske da duhu. A gidan silima, fitila tana haska layin, wani ɗan ido mai jin haske ya mayar da shi lantarki, lasifika ta mayar da shi sauti. Kuma tun da sauti ba ya jure sauyin gudu, dole aka tsayar da sauri ɗaya ga kowa: hoto 24 a kowane sakan.

Riƙe wannan lambar, domin komai a kanta ya ginu. Daga ranar, lokaci ya zama tsawo. Sakan ɗaya hoto 24 ne, kimanin santimita 46 na zaren fim. Abin da a da sai dai a ji shi da kunne, yanzu ana iya ƙirga shi a rubuta a takarda.

Lissafin da ya ceci Disney

A farkon 1928 Walt Disney yana cikin tsaka mai wuya. An ƙwace masa tauraronsa, wani zomo mai suna Oswald, tare da yawancin masu yi masa zane. Shi da abokinsa Ub Iwerks suka ƙirƙiro Mickey, suka yi finafinai biyu marasa sauti, ba su sami mai saye ba. Na ukun ne suka ce za su yi da sauti.

Akwai tambayar da babu wanda ya san amsarta a lokacin: mutum zai yarda cewa zanen tawada ne ke fitar da ƙara? Sai suka gwada. Suka rataya zanin gado a matsayin allo, suka tara matansu a matsayin 'yan kallo. Wani matashin ma'aikaci, Wilfred Jackson, yana busa 'yar ƙaramar abin busa ta baki, Iwerks yana buga tukwane, saura suna yin ƙarar abubuwa daga ɗaya ɗakin. Abin ya yi aiki. Sautin ya zama kamar daga jikin zanen yake fitowa.

Jackson ne kuma ya kawo metronom, wato 'yar na'urar nan mai ƙas-ƙas da masu koyon kiɗa ke bi don kada su yi sauri ko jinkiri. Ga lissafin, kai ma za ka iya yin sa. Hoto 24 sau sakan 60 ya ba ka hoto 1,440 a minti. In kiɗa yana bugawa sau 120 a minti, raba 1,440 gida 120, ka sami 12. Ke nan kowane bugu yana faɗowa bayan hoto 12. In kana son Mickey ya taka ƙasa daidai da ganga, sai ƙafarsa ta sauka a hoto na 12, na 24, na 36, haka har ƙarshe. In kiɗan ya fi sauri, bugu 180 a minti, sai ya zama bayan hoto 8. Mai zane yana teburinsa, makaɗi yana nasa wurin, ba sai sun ga juna ba; takarda ɗaya mai layuka ta ishe su.

Wurin naɗar sauti a New York ne aka sha wuya. A zaman farko, tsakiyar Satumban 1928, jagoran makaɗa Carl Edouarde ya yi ƙoƙarin bin fim ɗin da ido kamar yadda aka saba, kiɗa da hoto suka rabu. Kuɗi sun ƙare, har sai da aka sayar da motar Walt. A zama na biyu, bayan mako biyu, aka sa alamar ƙwallo mai tsalle a jikin fim ɗin tana nuna wa jagoran kowane bugu. Sai komai ya zauna.

Ranar 18 ga Nuwamban 1928 aka nuna Steamboat Willie a gidan silima na Colony. Ba shi ne katun mai sauti na farko ba. Ban da na su Fleischer, Paul Terry ma ya riga shi da Dinner Time a wannan shekarar. Bambancin shi ne a nan sautin shi ne wasan. Akuya ta cinye takardar kiɗa da 'yar jitar Minnie, sai aka juya wutsiyarta kamar hannun garmaho, kiɗa ya riƙa fita ta bakinta. Mickey ya ja wutsiyar kyanwa, ya matse agwagwa, ya kaɗa haƙoran saniya, kowane kuka yana faɗawa a gurbinsa cikin waƙar. Cire sautin, rabin barkwancin ya mutu.

Kiɗa a gaba, zane a baya

Mutumin da ya kai wannan dabara ƙololuwa shi ne Carl Stalling, tsohon makaɗin gidan silima a Kansas City, inda ya san Disney tun da farko. Su biyun sun sha gardama kan wa zai bi wani, kiɗa ko motsi. Suka raba gardama: a finafinan Mickey kiɗa zai bi labari, sannan a buɗe sabon jeri inda zane zai bi kiɗa. Jerin shi ne Silly Symphonies, finafinai 75 tsakanin 1929 da 1939.

Na farkonsu, The Skeleton Dance, ba shi da labari ko kaɗan. Tsakar dare ne a maƙabarta, ƙwarangwal huɗu suka fito suna rawa. Wani ya cire ƙasusuwan cinyar ɗan'uwansa ya kaɗa masa ƙashin baya da su, wani ya kama wutsiyar kyanwa yana goga ta kamar goge. Zakara ya yi cara, kowa ya ruga kabari. Shi ke nan. Iwerks ne ya zana kusan dukkansa. Stalling kuma yana cikin waɗanda suka fara amfani da ƙas-ƙas ɗin da ake sa wa makaɗa a kunne lokacin naɗa, kowa yana jin bugu ɗaya, babu mai kaucewa.

Akwai wani sirri na tattalin arziki a nan da ba a cika faɗa ba. Katun na minti bakwai hoto 10,080 ne. Ko da an ɗauki kowane zane sau biyu, kamar yadda ake yawan yi, dubban zane ne da hannu. Hanyar rage wahala ita ce maimaici: ka zana taku ɗaya na rawa, ka ce zane 12, sai a yi ta juya shi. A fim marar sauti ɗan kallo zai gane ana maimaita masa abu, ya gaji. Amma kiɗa ai maimaici ne tun asali. Da aka ɗora shi, abin da ya zama rowa sai ya koma rawa. Shi ya sa in ka kalli katun na farkon shekarun 1930 za ka ga komai yana lilo, bishiya da gida da mota da rana, hannuwa da ƙafafu kamar robar tiyo babu gaɓa.

In ka taɓa tsayawa kusa da mata suna lugude, ka san abin da nake nufi. Daka aiki ne mai maimaici, amma da taɓare suka shiga bugu ɗaya, ana cilla taɓarya a tafa a cafe, sai ka tsaya kallo. Ba ka sani ba ko sautin kake kallo ko motsin kake ji.

Silly Symphonies ya zama ɗakin gwajin Disney. Flowers and Trees na 1932 shi ne katun na farko da aka fitar da cikakken launi na Technicolor, shi ne kuma ya fara cin kyautar Oscar ta gajeren katun. A Three Little Pigs na 1933, aladu uku masu kama ɗaya suka bambanta ta yadda kowane ke motsi, waƙar da Frank Churchill ya rubuta masa kuma ta karaɗe Amurka a tsakiyar matsin tattalin arzikin nan da ya jefa miliyoyi cikin rashin aiki. The Old Mill na 1937 ya gwada kyamara mai hawa-hawa, inda ake jera zane a kan gilasai masu tazara domin a sami zurfi. A ƙarshen wannan shekarar aka fitar da Snow White, dogon fim ɗin Disney na farko, da kayan aikin da aka wasa a gajerun.

Abin da ke faruwa a ƙwaƙwalwarka

Hausawa na cewa gani ya kori ji. A ɗakin bincike kuwa an gano cewa wani lokaci ji ne ke juya gani.

A 1997 Robert Sekuler da abokan aikinsa suka wallafa wani gwaji a mujallar Nature. Ɗigo biyu masu kama ɗaya suna tahowa daga gefe biyu na allo, su haɗu a tsakiya, su ci gaba. Yawancin mutane suna ganin sun ratsa juna sun wuce. Amma in aka sa ɗan ƙara daidai lokacin haɗuwar, mutane da yawa sai su ga sun yi karo kowane ya koma baya. Hoton bai sauya ba ko kaɗan. A 2000 Ladan Shams da abokanta suka nuna wani makamancinsa: haske ya walƙa sau ɗaya, ƙara ta yi sau biyu, sai mutum ya ga walƙiya biyu.

Dalili shi ne ƙwaƙwalwa kullum tana tambayar ko abin da ido ya gani da abin da kunne ya ji daga wuri ɗaya suke. Babbar shaidarta ita ce lokaci. In sun zo tare, sai ta ɗaure su ta ce abu ɗaya ne. Da zarar ta ɗaure, sautin ya ba wa zanen abin da tawada ba ta da shi: nauyi, tauri, laushi. Da'ira ce kawai a takarda, amma in ta faɗi ka ji "dum", ta zama dutse. In ka ji "ɓus", ta zama tumatir.

Tagar wannan ɗaurin kuwa ƙarama ce. Ma'aunin da Hukumar Sadarwa ta Duniya ta fitar wa gidajen talabijin ya nuna mutane na fara lura in sauti ya riga hoto da kimanin kashi 45 cikin dubu na sakan, ko ya makara da kimanin kashi 125. Hoto ɗaya na fim kimanin kashi 42 ne. Ke nan in sauti ya yi gaba da hoto ɗaya, ko ya yi baya da hoto uku, an kusa kama ka. Mun fi yafe wa jinkiri saboda haka duniya ta saba mana: sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a sakan, haske kuwa nan take ne. Ka ga walƙiya kafin ka ji tsawa, ka ga gatarin mai faskare daga nesa ya sauka kafin ƙarar ta iso. Makaɗin silima mai bin fim da ido ba zai iya zama cikin wannan taga koyaushe ba. Mai ƙirga hoto zai iya.

Sai kuma abu na biyu, jira. Binciken Jessica Grahn da Matthew Brett na 2007, da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, ya nuna sassan da ke tsara motsin jiki suna aiki lokacin da mutum ke sauraren bugu, ko da yana kwance bai motsa ba. Kana jin kiɗa, jikinka yana hasashen inda bugu na gaba zai faɗo. Katun ya cika maka hasashen sau uku, ka ji daɗi. A na huɗu ya jinkirta guduma da rabin bugu, ka fashe da dariya. Barkwanci lokaci ne, su kuwa waɗannan mutane lokaci a tafin hannunsu yake, har zuwa kashi ɗaya cikin 24 na sakan.

Talla da jaz

Kada ka ɗauka duk son fasaha ne. A 1929 kamfanin Warner ya sayi manyan kamfanonin buga waƙoƙi, yana kuma neman hanyar tallata hajarsa. Sai aka kafa Looney Tunes a 1930 da Merrie Melodies a 1931, ƙarƙashin Leon Schlesinger. Sunayen ma kwaikwayon na Disney ne. A shekarun farko sharaɗi ne kowane Merrie Melodies ya ƙunshi wani yanki na waƙar kamfanin. Ka kalli katun, waƙa ta maƙale maka, ka je ka sayi faifai. In kana neman kakan bidiyon waƙa na yau, ga ɗaya nan.

Stalling ya koma Warner a 1936, ya zauna har 1958, ya yi wa katun sama da 600 kiɗa. Da rumbun waƙoƙin kamfanin a hannunsa, yakan tsinko layi daga nan ya haɗa da layi daga can cikin 'yan sakanni. Yara da yawa a duniya a bakin Bugs Bunny suka fara jin kiɗan Rossini da Wagner ba su san sunayensu ba.

Su Fleischer kuwa suna New York, kusa da unguwar Harlem inda jaz ke tashe. Max yana da wata na'ura da ya yi wa rajista a 1917, rotoskof: a ɗauki mutum yana motsi, a haska hoton a kan gilashi, mai zane ya bi layin jikinsa hoto bayan hoto. A 1932, a fim ɗin Betty Boop mai suna Minnie the Moocher, suka ɗauki mawaƙi Cab Calloway yana rawarsa ta sulɓi, suka mayar da shi fatalwar wata dabbar teku mai haure biyu. Fuskar ba tasa ba ce, amma duk wanda ya san rawar ya san Calloway ne. Waɗannan finafinai sun adana mana takunsa da muryarsa a lokacin ƙuruciyarsa. Da aka tsananta dokar tace finafinai a 1934, aka tsawaita rigar Betty aka kwantar da halinta, zafin jerin ya ragu.

Tabon da ba ya gogewa

Akwai ɓangaren da ya shafe ka kai tsaye a matsayinka na ɗan Afirka, kuma tarihin bai cika ba in an tsallake shi.

Tun ƙarni na 19 Amurka tana da wani wasan dandamali inda fararen fata ke shafa baƙi a fuska, su zana manyan leɓɓa, su sa farar safar hannu, suna waƙa da rawa suna kwaikwayon baƙar fata a matsayin wawaye da ragwaye. Katun ya gaji wannan wasa kai tsaye. Waƙar da Mickey ke kaɗawa da dabbobi a Steamboat Willie, Turkey in the Straw, a waɗannan dandamali ta yi suna. The Jazz Singer kansa da baƙin fenti a fuska tauraronsa ya yi waƙa. Bosko, tauraron Looney Tunes na farko, zanen yaro baƙar fata ne a wannan salon. Farar safar hannun Mickey, wadda ya fara sawa a 1929, tana da amfani na zane, domin baƙin hannu ba ya fitowa a kan baƙin jiki. Amma masana irin su Nicholas Sammond sun nuna cewa ita ma daga can aka ɗauko ta.

Dubi abin da aka yi wa Louis Armstrong a 1932. An gayyace shi fim ɗin Betty Boop, aka nuna shi da makaɗansa, sannan labarin ya koma dajin Afirka inda wai masu cin naman mutane ke bin taurarin fim ɗin. Kan ɗaya daga cikinsu ya tashi sama, ya rikiɗe ya zama fuskar Armstrong yana waƙa. An ɗauki kiɗan mutum don ya ƙawata fim, an kuma yi masa ba'a a cikin fim ɗin. A 1968 kamfanin United Artists, wanda ke riƙe da tsofaffin katun na Warner a lokacin, ya janye guda 11 daga talabijin saboda irin wannan. Ko a Tom and Jerry, matar nan baƙa mai aikin gida da ƙafafunta kawai ake gani, tsohuwar siffar baiwar gida ce ta wancan salon.

Ba sai ka zaɓi ɗaya ba tsakanin yaba gwaninta da ganin cin mutuncin. Duka biyun a zaren fim ɗaya suke, kuma gwanintar ce ta sa cin mutuncin ya yi nisa, domin abin da ya zo da kiɗa mai daɗi ya fi saurin shiga.

Inda suka tafi, da abin da suka bari

In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. A da manyan kamfanoni suna tilasta wa gidajen silima sayen finafinai a dunƙule, gajeru da dogaye. A 1948 Kotun Ƙolin Amurka ta hana wannan, talabijin kuma ta shigo. Gajeren katun mai cikakkiyar tawagar makaɗa ya yi tsada. A 1957 kamfanin MGM ya rufe sashen katun ɗinsa, William Hanna da Joseph Barbera, masu Tom and Jerry, suka koma talabijin da salo mai arha: jiki a tsaye, baki kawai ke motsi. Surutu ya maye gurbin rawa.

Amma ka lura da wanda ya fi yawo a duniya. Tom da Jerry kusan ba sa magana. Kiɗan Scott Bradley ne ke faɗin komai, kowane taku da kowane mari. Jerin ya ci Oscar bakwai, ɗaya da The Cat Concerto, inda Tom ke kaɗa piyano Jerry yana hana shi. Shi ya sa yaro a Kano ko Maraɗi da bai san kalmar Turanci ɗaya ba zai zauna ya ƙyaƙyace. Babu abin fassarawa.

Kayan aikin ma suna nan. Ƙas-ƙas ɗin da ake sa wa mawaƙi a kunne yana cikin kowace manhajar haɗa kiɗa, har a situdiyon unguwarku. Masu kiɗan fim har yau da sunan Mickey suke kiran salon da kiɗa ke bin kowane motsi. Ƙwallon Fleischer ya rayu a bidiyon karaoke da waƙoƙin yara. Rotoskof shi ne magabacin naɗar motsin ɗan wasa da ake yi da kwamfuta. A 2017 wasu 'yan'uwa biyu daga Kanada, Chad da Jared Moldenhauer, suka fitar da wasan bidiyo mai suna Cuphead, wanda aka zana da hannu a takarda a salon shekarun 1930 da kiɗan jaz na gaske, ya sayu miliyoyi a hannun matasan da ko iyayensu ba a haifa ba a zamanin Fleischer.

In kana so ka tabbatar da kanka, The Skeleton Dance yana intanet, minti biyar da 'yan kai ne, shi ma ya zama na kowa a Amurka tun farkon 2025. Fara kallonsa ka kashe sauti, ka ƙirga sau nawa aka maimaita maka motsi ɗaya. Sai ka mayar da shi farko ka kunna sauti, ka riƙa buga yatsa a tebur tare da kiɗan, ka duba inda ƙafar ƙwarangwal take duk lokacin da yatsarka ta sauka. In akwai waya biyu a kusa, kunna hoto a ɗaya, sauti a ɗaya, ka jinkirta sautin da rabin sakan. Rabin sakan hoto 12 ne kacal. Ka ga abin da zai rage na rawar.